Hoton Auren Maman Fanen

Duk wanda ya taɓa bi ta Bukan Sidi da hantsi ya san rumfar Maman Fanen, ko da bai taɓa zama ya ci ba. Tun daga bakin titi ake jin dakan sakwara, ƙamshin miyar agushi da busasshen kifi kuma yana tsayar da 'yan acaɓa da masu keke. Ma'aikata kan baro ofis su zo har nan, su cire agogo, su naɗe hannun riga, su zauna a benci ɗaya da masu dako. Sunanta Rosaline, amma ban da Fadan cocinsu ba mai kiranta da shi. Mijinta ma Rosa yake cewa.

Doguwar mace ce mai faɗin kafaɗa, in ta miƙe a cikin rumfar sai ta ɗan sunkuya saboda kwanon rufi. Mijin nata, Aondowase, wanda duk unguwa ke kira Baba Direba, da ƙyar kansa ke kai kafaɗarta. Ita ba ta da yawan magana. Shi kuwa in ya fara labari, sai sakwarar mutum ta huce a gabansa bai sani ba.

An haife ta a wani ƙauyen Tiv da ke kudu da Lafiya, wajen iyakar Binuwai. Mahaifinta manomin doya ne, kuma tun tana ƙarama ta iya duk aikin da 'yan'uwanta maza ke yi a gona. Ta gama firamare ta tsaya, ta shiga ƙungiyar mawaƙan coci. A shekarar da ta zama cikakkiyar budurwa, ranar bikin godiyar girbi, mahaifinta ya zaɓi doyar da ta fi kowacce girma a gonarsa ya ce ita za ta kai gaban bagaden coci. Ranar wani mai hoto ya zo daga Makurɗi, ya kafa na'urarsa a gindin mangwaro a harabar coci. Aka tsayar da Rosaline da rigarta ta mawaƙa, ta rungume doyar kamar jariri. Mai hoto ya ce ta dubi gabanta, kada ta motsa. Daidai lokacin sai wata akuya da aka kawo wa coci sadaka ta tsinke igiya ta ratsa ta tsakanin ƙafafun malamin coci. Rosaline ta waiwaya gefe ta fashe da dariya, mai hoto kuma ya riga ya danna.

Da hoton ya iso, mahaifinta bai ji daɗi ba. Ya ce fuskar 'yarsa ya ce a ɗauka, an kawo masa gefen fuska da haƙora. Ita dai ta naɗe abinta a leda ta ajiye a ƙasan akwati.

Da damina ta zagayo, lokacin sabuwar doya, wata babbar motar katako da ta zo sayen doya ta maƙale a taɓo kusa da gonarsu. Direban ya sauko, ɗan gajeren saurayi mai tulin gashi, ya ga Rosaline da ƙannenta suna wucewa da kwanduna.

Ya ce, "'Yan mata, ku kira mana maza su zo su tura."

Ta sauke kwandonta ta ce, "Mazan suna gona mai nisa. Kai dai koma ka riƙe sitiyari, in har ƙafarka tana kaiwa totur."

Yaran motarsa suka kwashe da dariya, shi ma ya taya su. 'Yan matan suka sassaro rassa suka cusa a ƙarƙashin tayoyi, suka sa kafaɗa tare da yaran mota, motar ta fita. Tun daga ranar motar Aondowase ta koyi maƙalewa a wannan wuri. Har da rani, ƙasa ta bushe ƙayau, sai a ga ta tsaya a nan, direba ya buɗe gaban inji yana ta leƙe-leƙe, idonsa na kan hanyar rafi.

A cikin wannan zirga-zirga ne ya kawo mata hotonsa, wanda ya ɗauka a tashar motar Lafiya. Yana tsaye a kan matakalar motar, hannu ɗaya riƙe da ƙofa, ɗaya a ƙugu, ga wando mai faɗin baki, ga takalmi mai tudun dunduniya. Ta duba ta ce motar ta yi kyau. Bai yi fushi ba, ya ce ai tare ake aurensu, shi da motar.

Aka yi biki a ƙauye, aka ci aka sha, aka yi rawa har ƙura ta tashi. Aondowase ya ɗauko mai hoto tun daga gari, mutumin ya yini yana ɗaukarsu: a ƙofar coci, a gaban iyaye, a tsakiyar 'yan rawa. Da yamma ya hau babur ɗinsa zai koma. A gadar katako da ke kan rafin ƙauyen tayarsa ta zame, ya faɗa ruwa da shi da jakarsa. Shi ya fita lafiya, amma ruwa ya shiga fim ɗin, ko hoto ɗaya bai fita ba. Da labari ya zo, Rosaline ta zaga bayan rumbun doya ta yi kukanta. Angon ya same ta a can ya ce, "Rosa, ai ga ni nan, kullum sai ki kalle ni har ki gaji." Ya yi mata alkawarin in sun je Lafiya za su sake sa kayan su je shagon hoto. Sai dai rigar amarya ta aro ce, kwat ɗinsa ma na maigidansa ne, duk an mayar. Kafin a sake waiwayar zancen, ciki ya zo, shi kuma kullum yana kan hanya, yau Jos, gobe Kano.

A Lafiya sun kama ɗaki a gidan Malam Sadisu, wani tela da iyayensa suka zo daga Kano. Rosaline ta iso ba ta jin Hausa ban da sannu da na gode. Matar gidan, Zuwairatu, ita ta koya mata, a bakin murhu da bakin rijiya: ta ɗaga ludayi ta faɗi sunansa, ta ɗaga tsintsiya ta faɗi sunanta. Rosaline ta iya Hausa har ta fi mijinta iya ciniki, amma har yau in ta yi sauri ba ta raba mace da namiji. Sai ka ji ta ce, "Zuwairatu ya tafi kasuwa." Zuwairatu ta yi gyara har ta haƙura, ta ce in dai ita ake nufi, ta amsa. A madadin Hausar, Rosaline ta koya mata dakan sakwarar da ba gudaji. Ranar da aka haifi Fanen, Aondowase yana can hanyar Kano, Zuwairatu ce ta tare mota ta kai ta asibiti, ita ta fara karɓar jaririyar.

Sana'ar abinci ta fara ne da abokan mijinta direbobi, waɗanda in sun sauke kaya sukan biyo shi gida su ci. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya ce bai kamata su riƙa cinye mata doya haka kawai ba, ta sa benci a waje. Ta sa benci ɗaya da turmi ɗaya. Da Lafiya ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka cika gari, bencin ya zama rumfa, ta ɗauki mata masu taya ta daka. Da abin da ke fita daga rumfar da abin da mota ke kawowa suka gina ɗan gidansu, ba nisa da na Malam Sadisu.

Sai kuma hatsari ya zo. A gangaren hanyar Akwanga birki ya ƙi, motar ta kife da lodin doya. Aondowase ya rayu, amma ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Ya daɗe a asibiti, ya daɗe a hannun mai ɗori, da ya tashi kuma ya tashi da ɗingishi, tuƙin babbar mota ya ƙare. Ya koma gida ya zauna a kujera yana kallon bango. Mutumin da ba a iya rufe masa baki ya zama sai an yi masa magana sau biyu kafin ya amsa. Wannan shirun ya fi karayar tsorata Rosaline. Ta bar shi ya ɗan kwana biyu, sannan wata safiya ta ajiye masa sandarsa a cinya.

Ta ce, "Tashi mu je. Ina neman mai aiki."

"Wane aiki gurgu zai yi miki?"

"In miya ba ta nuna ba, mutane suna tashi su tafi. Ina son wanda zai riƙe su da surutu."

Ya bi ta yana gunaguni. Kafin azahar an ji muryarsa daga bakin titi yana ba wasu 'yan acaɓa labarin yadda ya taɓa tsere wa 'yan fashi da baya-baya. Tun daga ranar shi ke zuba ruwan wanke hannu, shi ke nuna wa baƙo wurin zama. Da wannan rumfa suka karantar da Fanen da ƙannenta uku. Fanen ta karanci aikin gona a Shabu, a can ta yi aure, tana kiwon kaji.

Hotuna kam daga baya sun yi su da yawa, musamman da waya ta zo: na baftismar jikoki, na gama makaranta, na bikin 'ya'ya. Amma duk a cikinsu sun riga sun manyanta, Baba Direba gashi ya tafi, sai sanƙo yana ƙyalli. Babu hoto ko ɗaya da ya nuna su tare suna yara. Rosaline ba ta zancen, sai dai in ta shiga falon wata ƙawarta ta ga hoton aure a bango, takan ɗan tsaya a gabansa kafin ta zauna.

Da aurensu ya kusa cika shekara arba'in, Fanen ta zo daga Shabu ta ce ita da ƙannenta sun shirya za a yi addu'ar godiya a coci, a yi liyafa. Ta ce a ba ta hoton aure, za a buga a kalanda kusa da na yanzu, kamar yadda ake yi.

Rosaline ta ce, "Hoton aurenmu yana cikin rafi."

Fanen ta san labarin, mantawa ta yi. Ta ce ba komai, na yanzu ma ya isa. Uwar ta ce haka ne, ta ci gaba da yankan kuɓewa.

Zuwairatu tana da auta mai suna Ilham, wadda Rosaline ta goya a bayanta tana daka. Ilham ta girma ta koyi aikin hoto, ta buɗe shago a tsallaken titi, tana ɗaukar bukukuwa da hoton fasfo. Kullum da rana Rosaline kan aika mata abinci, ranar nan kuwa masu aikin duk hannunsu a cike, sai ta kai da kanta. Ta tarar da Ilham a gaban kwamfuta. A fuskar kwamfutar akwai wani saurayi da rigar gama jami'a, a gefe kuma wata tsohuwa zaune a ƙofar bukka. Ilham ta zagaye tsohuwar da ɗan layi, ta ɗauke ta cak, ta ajiye ta kusa da saurayin. Rosaline ta tsaya da kular abinci a hannu.

"Ilham, me na gani yanzu?"

"Sannu da zuwa, Mama. Mahaifiyarsa ce. Ba ta da lafiya ranar bikin, ba ta samu zuwa ba, shi ne yake so a haɗa su."

"Wannan ba ƙarya ba ne?"

Ilham ta karɓi kular ta ce, "Ɗanta ne, Mama, kuma karatun ya gama shi da gaske. Nisa ne ya raba su ranar, ni kuma nisan nake ragewa."

Rosaline ta ja kujera ta zauna, abin da ba ta saba yi da rana ba. Ta tambaya ko tsohon hoto ma yana yiwuwa, irin wanda ya yi ja, gefensa ya cinye. Ilham ta ce a kawo ta gani.

Washegari Rosaline ta jira Baba Direba ya yi nisa a cikin labari, ta zame ta koma gida. Ta ciro nata hoton daga ƙasan akwati. Nasa kuwa, tun bayan aure ya karɓe abinsa ya ajiye a jakar da tsohon lasisinsa yake, can ta lalubo shi. Ta kai wa Ilham su biyun a naɗe cikin ɗankwali, ta ce hoton aure take so, kuma kada kowa ya ji.

Ilham ta kwafe su a na'ura, ta goge tabon ruwa da inda gara ta taɓa. Ta zage ta yi aiki irin wanda take yi wa amaren yanzu. Ta sa wa Rosaline farar riga mai jan ƙasa da mayafin amarya, ta cire doyar ta sa furanni. Ta sauko da Aondowase daga mota ta sa masa baƙar kwat, ta tsayar da su a wani lambu mai ciyawa shar. Da ta gama ta aika a kira Mama.

Rosaline ta daɗe tana kallo, ta matsa kusa, ta ja baya.

Ta ce, "Kyau kam ya yi kyau. Amma wannan matar ban san shi ba. Ina doyata?"

"Na cire, Mama. Amarya ba ta riƙe doya."

"Wannan amaryar ya riƙe. Babana ne ya noma."

Suna cikin haka sai ga ƙarar sanda a bakin ƙofa. Baba Direba ne, yana haki. Ya ce ya duba jakarsa bai ga hotonsa ba, ya tambayi masu daka suka ce sun ga Mama tana yawan tsallaka titi.

Rosaline ta ce, "Yaushe rabonka da buɗe jakar nan, da har za ka san babu?"

"Duk Lahadi nake dubawa in mun dawo daga coci."

"Don me?"

"Don in tuna ni ma na taɓa yin gashi."

Ilham ta ba shi kujera. Ya sa tabarau ya dubi kwamfutar, ya ga kansa cikin kwat, ya gyara zama yana murmushi. Can sai murmushin ya ragu, don Ilham ta tsayar da su a ƙasa ɗaya, kansa kuma daidai kafaɗar amarya. Ya sassauta murya ya ce, "'Yata, tunda na'urar nan tana iya cire doya, ba za ta iya ƙara wa mutum ɗan tsawo ba? Ba da yawa ba. In kai kunnenta kawai."

Rosaline ta ce, "Kada ki ƙara masa ko faɗin yatsa. Haka na gan shi, haka na ɗauka."

Ya ce ai hoto na tarihi ne, jikokin jikoki za su gani, bai kamata a bar shi a ƙasa ba. Ta ce jikokin ma rabinsu gajeru ne, gara su san inda suka samo. Ilham tana ta dariya har da share hawaye. Da ta natsu sai ta buɗe tsoffin hotunan guda biyu, yadda suke tun asali, ta jera su tana kallo.

Ta ce, "Baba, Mama, ku ba ni ɗan lokaci. Kada kowa ya yi magana."

Ta goge lambun da furannin da kwat. Ta dawo da motar katako yadda take, da Aondowase a kan matakala, da tulin gashinsa da wandonsa mai faɗin baki. Sannan ta ɗauko Rosaline da rigar mawaƙa da doyarta da silifas ɗinta na roba, ta tsayar da ita a ƙasa, a gefen ƙofar motar. Da yake shi a kan matakala yake, sai kansa ya ɗan ɗara nata, ba tare da an ja kowa ba. Fuskarta kuma da ta juya gefe tana dariya, yanzu ta juyo daidai inda yake.

Su biyun suka ƙura wa hoton ido. Baba Direba ne ya fara magana.

"Kin gani ko, Rosa? Tun lokacin ni kike yi wa dariya."

"Akuya nake yi wa dariya."

"To ai ni ne a wurin akuyar yanzu."

Ta dube shi, ta dubi hoton, sai ta saki irin dariyar da ke cikinsa, har ta dafa tebur. Ta ce wa Ilham wannan shi ne, kada a ƙara komai, kada a sa kala.

Sauran aikin ya ɗauki Ilham kwanaki. Rana ta haske Rosaline ta gefe ɗaya, shi kuma ta ɗaya gefen, sai da ta daidaita hasken. Ta yi wa Rosaline inuwa a ƙarƙashin ƙafa don kada ta zama kamar tana shawagi a iska. Ta bar ɗan jan da tsufa ya sa wa takardun, ta sa ya zama iri ɗaya a ko'ina. Baba Direba kullum sai ya tsallaka titi ya leƙa, wai yana duba lafiyar motarsa.

Ranar bikin Asabar ce. Su biyun suka sa saƙin Tiv mai ratsin baƙi da fari, Fada ya sa musu albarka, aka dawo ƙofar gida inda aka kafa rumfuna. 'Yan'uwa sun zo daga ƙauye cike da mota, tsoffin direbobi sun zo, masu cin sakwara sun zo. Malam Sadisu yana sahun gaba da abokansa, Zuwairatu kuwa tun asuba take kan tukwane, ta hana amarya taɓa ko ludayi. Bayan an ci abinci, Fanen da Ilham suka fito da babban firam a rufe da zane, suka jingina shi a kan tebur, Fanen ta yaye zanen.

Mutane suka taso suka yi cincirindo. Tsoffin direbobi kuwa motar suka fara ganewa, suna kiran sunan mai ita na farko. Jikoki suka ce matar dai Kaka ce, amma wannan mai gashin ba su san shi ba, Baba Direba ya bi su da sanda suna gudu suna dariya. Sai ga Terver, yayan Rosaline, tsoho tukuf, an riƙo hannunsa. Ya ƙura wa hoton ido ya girgiza kai.

Ya ce, "Na tuna ranar nan sarai. Ina tsaye a bayan mai hoton."

Ilham ta buɗe baki za ta yi magana, mahaifiyarta ta ɗan mintsine ta a hannu, ta fasa.

Rosaline dai ba ta so a tafi da abin a haka. Da aka ba ta makirfo, ita da ba ta saba magana a taro ba, ta gode wa Allah da jama'a, sannan ta faɗi yadda aka yi: hotuna biyu ne, ɗaya daga harabar coci, ɗaya daga tasha, na auren kuma ruwa ya ci, 'yarta Ilham ce ta haɗa su. Aka tafa wa Ilham har ta rufe fuska da gyale. Terver ya saurara har ƙarshe, ya ce ko ma dai yaya aka yi, shi ya tuna.

Da makaɗa suka fara, jama'a suka koma fili, Rosaline ta samu hoton ba kowa a gabansa. Ta tsaya ita kaɗai. Zuwairatu ta zo ta tsaya kusa da ita tana goge hannu da gefen zane.

Rosaline ta ce a hankali, "Dube su fa. Yara ne. Ba su san komai ba."

Zuwairatu ta ce, "Sun dai yi ƙoƙari."

Suka ɗan jima a tsaye, har Baba Direba ya aiko a ce wa amarya ango yana jira. Ya miƙa wa wani jikansa sandar, ya riƙe hannun matarsa, suka taka a hankali, shi yana ɗingishi daidai da kiɗa kamar da gangan yake yi.

Bayan biki an ɗan yi gardama a kan inda za a rataye hoton. Shi yana so a rumfa inda kowa zai gani, ita ta ce hayaƙi zai ɓata shi. Ilham ta raba gardamar, ta buga ƙarami ta rufe shi da leda aka kai rumfa, babban ya zauna a falo. Mata biyu daga cocinsu, da wani mai keke da mahaifinsa ya rasu kafin ya yi aure, duk sun zo sun tambaya ko su ma za a haɗa musu irinsa, Rosaline ta tsallaka da su titi da kanta ta damƙa su ga Ilham.

A cikin kyaututtukan biki akwai waya mai kyamara da ƙannen Fanen suka saya mata. Da farko ta ce ita ba ta da lokacin shafe-shafe, ta bar ta a kwali. Daga baya aka ga in cinikin rana ya lafa tana zaune a shagon Ilham, ana nuna mata inda ake dannawa. Yanzu ba wanda ya tsira. Ta ɗauki masu daka, ta ɗauki Zuwairatu tana tsince shinkafa, ta ɗauki kajin Fanen a Shabu. Da yawa kan mutum a yanke yake, wasu kuma yatsanta ya rufe rabi. Waɗanda suka fi fita sosai su ne na Baba Direba yana gyangyaɗi a benci bayan la'asar, baki a ɗan buɗe, don shi ne kaɗai ba ya motsi. Ya roƙe ta ta goge, ta ce ba ta kai wannan darasin ba tukuna.